Bin sawun ƙaramin jirgin dakon mai daga Damagaram: taswirar kyauta, ta kuɗi, rajista ko wakili a tasha?

Wani dattijo mai sarin man girki a kasuwar Dole ya taɓa miƙo mini salularsa, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, an ce jirginmu ne." Hoton taswira ne aka turo masa ta WhatsApp: shuɗin teku, ɗan jan ɗigo kusa da Lome, da sunan jirgi a ƙasa. Ya riga ya zuba kuɗi a kason kayan da aka ce suna ciki. Na ce, "Alhaji, jirgin dai akwai shi, amma hoton nan bai faɗa mana na yaushe ne ba, kuma bai faɗa mana abin da ke cikinsa ba." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko gara ya biya kuɗin manhajar da ke nuna jirgi ta tauraron ɗan adam. Wannan tambaya ita ce nake son warwarewa a nan, domin ba shi kaɗai take damu ba. Teku na nesa da mu, sai dai man girki, kwalta da sinadaran masana'antu da yawa ta ruwa suke fara tafiyarsu kafin su hau sitarni su nufo mu.

Kafin a zaɓi hanya, lamba ɗaya ta zama tilas

Sunan jirgi ba abin dogaro ba ne. Ƙananan jiragen dakon mai suna yawan canza hannu, sabon mai shi ya sake suna, ya sake tuta, kuma ana samun jirage biyu ko uku da suna iri ɗaya. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar IMO, wato lambar da ke ƙarƙashin tsarin hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai mazauni a Landan. Alƙaluma bakwai ce, kuma tana tare da gangar jirgin tun daga ƙira har ranar da za a yanka shi a sayar da ƙarfe.

Akwai ɗan lissafin da ke tona lambar da aka ƙaga. Ka ninka alƙalami na farko da 7, na biyu da 6, na uku da 5, haka har na shida da 2, ka tara. Alƙalamin ƙarshe na jimillar dole ya yi daidai da na bakwai. Misali 1234567: 7, 12, 15, 16, 15 da 12 sun ba da 77, ƙarshensa 7, ya dace. Idan lambar da aka ba ka ta faɗi wannan jarrabawa, kuskuren rubutu ne ko kuma ƙarya.

Lamba ta biyu ita ce MMSI, mai alƙaluma tara, ta rediyon jirgin. Uku na farko suna nuna tuta: 657 Najeriya, 671 Togo, 636 Laberiya, 538 tsibiran Mashal. Ita tana canzawa idan an canza tuta, saboda haka ba ta kai ta IMO ƙarfi ba.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuma mafi muhimmanci: wace tambaya hanyar take amsawa? Tambayoyi uku ne mutane ke cakuɗawa. Ina jirgin yake? Wane irin jirgi ne, kuma lafiyarsa ƙalau? Kayana na cikinsa? Sai sabuntar labari, wato na minti biyar da suka wuce ne ko na kwana huɗu. Sai kuɗi da yadda ake biyansa daga nan. Sai sauƙin aiki a kan rezonmu da ke zuwa yana komawa. Sai ɗorewa, ina nufin ko abin da ka samu zai tsaya maka a matsayin hujja bayan wata shida idan rigima ta tashi. Na ƙarshe shi ne haɗarin a yaudare ka ta wannan hanyar.

Taswirar kyauta: MarineTraffic da VesselFinder

Duk taswirorin nan daga rijiya ɗaya suke sha, wato na'urar AIS. Dokar kare rayuka a teku ta wajabta ta a kan jirgin da girmansa ya kai 300 a ma'aunin GT, wato ma'aunin faɗin cikin jirgi, in yana zirga-zirga tsakanin ƙasashe, kuma wa'adin sanya ta ya cika a ƙarshen 2004. Na'urar tana shelar matsayin jirgi ta rediyon VHF duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 idan yana tafiya, duk minti 3 idan ya jefa anga. Asali an yi ta ne don jirage su ga juna kada su yi karo. Daga baya mutane suka kakkafa eriya a bakin teku suna kama saƙon suna zubawa a intanet. Haka MarineTraffic ta fara a Girka a 2007 a matsayin aikin jami'a, kafin kamfanin Kpler ya saye ta a 2023. VesselFinder kuma daga Bulgeriya take.

Kuɗinta forfe ɗinka ne kawai. Ka rubuta lambar IMO, ka ga tuta, tsawo, faɗi, shekarar ƙira, gudu, inda ya dosa, sau da yawa har da hoto. Taswirar kanta tana cin forfe kuma tana nauyi in rezo ya yi rauni, don haka ni na fi buɗe shafin jirgin kai tsaye in bar taswirar.

Rauninta a nan yake. Eriyar bakin teku ba ta jin jirgin da ya yi nisan da ya wuce mil na teku kamar 20 zuwa 40, kuma gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da yawan eriya irin na Turai. Da zarar jirgi ya fita daga inda ake jin sa, ɗigon yakan tsaya cak a wurin da aka gan shi na ƙarshe. Wanda bai sani ba sai ya ce jirgi ya lalace, ko kuma ya yi murna cewa yana bakin Lome alhali ya bar wurin tun shekaranjiya. Saboda haka abu na farko da za ka karanta shi ne layin da ke cewa yaushe aka karɓi saƙon ƙarshe. Ka kuma tuna da agogon UTC, wato agogon duniya na GMT, ake rubuta shi: agogonmu da na Kwatano suna gaba da shi da awa ɗaya, na Lome kuwa daidai suke.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: matsayi da gudu na'ura ce ke ba da su, amma tashar da za a je, ranar isowa da zurfin da jirgi ya nutse a ruwa, hannun ma'aikacin jirgi ne ke rubuta su. Yakan manta bai sabunta ba, ko ya rubuta cewa suna jiran umarni. Ranar isowa ka lissafa da kanka. Ƙaramin jirgi mai gudun mil 11 a awa yana cin mil 264 a kwana, kusan kilomita 490, tunda mil ɗin teku mita 1,852 ne. In saura mil 800, kwana uku ke nan, ban da jiran layi a tasha, wanda wani lokaci ya fi tafiyar tsawo.

Duk da haka zurfin nan yana da amfani ga mai lura. Idan jirgi ya baro tashar lodi yana nuna mita 6 da rabi, bayan kwana biyu a gaɓar Lome ya koma nuna mita 4, to ya sauke wani abu. Gaɓar Lome sananniyar matattara ce inda manyan jirage ke juye wa ƙanana mai a kan ruwa, don haka ganin ƙaramin jirgi ya manne da babba na wasu awanni ba abin tsoro ba ne.

A wajen ɗorewa da haɗari, wannan hanya ita ce mafi rauni. Hoton allo ba hujja ba ne, kowa na iya ɗaukarsa, har da wanda bai taɓa ganin teku ba.

Biyan kuɗin tauraron ɗan adam

Shafukan nan guda su ne ke sayar da wannan. Taurarin da ke shawagi kusa da ƙasa suna kama saƙon AIS ɗin daga sama, don haka jirgin da ke tsakiyar teku, a hanyarsa daga Maleshiya ko Indunusiya da manja, ba ya ɓace maka. Yawanci kuɗin wata ne, da dalar Amurka ko yuro, kuma yana hawa gwargwadon yawan jiragen da kake bi da tsawon tarihin da kake son gani. In da yuro ne lissafin ba wuya, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Wahalar ita ce sai da katin banki mai aiki a intanet, kuma irin wannan rajista takan sabunta kanta duk wata. In kayanka sun iso ka soke ta, in ba haka ba a yi ta zarar kuɗi kana barci.

Abin da kuɗin ke saya maka na gaske biyu ne: ganin jirgi a nesa da gaɓa, da tarihin hanyarsa da tashoshin da ya shiga. Na biyun ya fi daraja a wurina. Idan an ce maka an yi lodi a tasha kaza ranar kaza, tarihin zai nuna ko jirgin ya je can a wannan mako.

Amma ga abin da kuɗin ba ya saya. Tauraro ba ya jin na'urar da aka kashe. Ƙa'idar IMO ta yarda kyaftin ya kashe AIS idan yana ganin tsaron jirginsa na cikin haɗari, kuma a mashigin tekun Gini, inda aka sha fama da ƴan fashin teku masu garkuwa da ma'aikata, ana yin haka. Ƙaramin jirgin mai, da gudunsa kaɗan da bakinsa kusa da ruwa idan ya yi lodi, shi ne ya fi sauƙin hawa. Wasu kuma suna kashewa don wata manufa da ba ta tsaro ba. Saƙon AIS ɗin ma ba shi da makulli, ana iya sa na'urar ta faɗi matsayin ƙarya. A wuraren da jirage suka yi cunkoso kuma saƙonni kan haɗu su toshe wa tauraron kunne, a yi awanni ba sabon labari. Akwai wani tsarin daban mai suna LRIT da ke aika matsayin jirgi duk awa 6, sai dai na gwamnatoci ne. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, ka riƙe aljihunka.

Rajistar jirage: Equasis da takardar Q88

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa, kuma ita na fi so. Equasis rumbun bayanai ne da Hukumar Tarayyar Turai da hukumar teku ta Faransa suka buɗe a 2000. Kyauta ne, adireshin imel kawai ake buƙata, rubutu ne zalla ba ya cin forfe. Ba zai nuna maka ainihin inda jirgi yake a yanzu ba. Abin da yake nunawa shi ne ko wane ne jirgin: tsofaffin sunayensa da tutocinsa, kamfanin da ya mallake shi da mai gudanar da shi, hukumar da ke duba ingancin gangarsa, ƙungiyar inshorarsa, da sakamakon binciken da jami'an tashoshi suka yi masa, har da lokutan da aka tsare shi saboda nakasu. Ƙasashen gaɓar yammaci da tsakiyar Afirka suna da nasu tsarin binciken a ƙarƙashin yarjejeniyar Abuja ta 1999.

Yadda nake karanta shi: jirgin da ya haura shekara 25, ya canza tuta sau uku cikin ƴan shekaru, ba a ga sunan inshora ba, an tsare shi fiye da sau ɗaya, wannan ko yana tsaye a gabanka a taswira ban so kayana a ciki.

Lambobin girma biyu suna rikita mutane. GT ba nauyi ba ne, ma'aunin faɗin cikin jirgi ne. DWT shi ne nauyin da zai iya ɗauka, kuma ya haɗa da man injinsa, ruwan sha da guzuri, don haka kayan ciniki ba sa kai wannan adadi. Jirgin da ake kira ƙarami yawanci yana ƙasa da tan 10,000. Mai tan 5,000 tsawonsa yakan kai kusan mita 100, kuma kayansa za su cika sitarni mai tan 30 fiye da 150. In ɗanyen mai ne, tan ɗaya kusan ganga 7 da ɗoriya ne, wato duka jirgin bai wuce ganga 36,000 da wani abu ba, abin da matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, za ta tace cikin kwana biyu. Na kawo wannan ne saboda masu yawo da takardun "kaso". Tun da aka fara lodin man Agadem a Seme ta ƙasar Benin a 2024, zancen ɗanyen mai ya shiga bakin kowa, amma jiragen da ke ɗaukarsa manya ne masu cin kusan ganga miliyan. In an nuna maka ƙaramin jirgi aka ce miliyoyin ganga na ciki, lissafi kaɗai ya isa. Haka kuma shigo da esansi da gazuwal ƙasar nan aikin kamfanin man gwamnati SONIDEP ne, ba abin da ake saye ta WhatsApp ba.

Bayanin da ya fi wannan zurfi yana cikin Q88, takardar tambayoyi da masu jiragen dakon mai ke cikewa. Ba a intanet za ka tsince ta kyauta ba, wurin mai sayar maka da kaya ko dillalin jirgi za ka nema. Tana faɗin yawan tankuna da girman kowanne, irin fentin da ke cikinsu ko ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ƙarfin famfo, ko akwai bututun ɗumama kaya, da kaya uku na ƙarshe da jirgin ya ɗauka. Ga mai man girki wannan layin na ƙarshe ya fi komai. Ƙungiyar FOSFA ta Landan, wadda yawancin cinikin man ci ke bin ƙa'idojinta, tana da jerin kayan da aka hana tanki ya ɗauka kafin a zuba masa abin da mutane za su ci. Ga mai kwalta kuma ɗumamawa ce magana, domin kwalta da zafi ake dakonta, in ta huce ta daskare.

Wakili a tasha

Taransitarka a Lome ko Kwatano, wakilin jirgin, da kamfanin awo mai zaman kansa irin su SGS, Bureau Veritas ko Intertek. Su kaɗai ke amsa tambaya ta uku. Takardar lodi ita ke nuna kayan wane ne kuma nawa ne, rahoton awon tanki shi ke nuna abin da aka tarar a ciki, wakilin jirgi kuma shi ya san ranar da za a ba shi wurin tsayawa, abin da babu taswirar da ta sani. Hukumar CNUT mai kula da masu shigo da kaya ta Nijar tana da wakilci a waɗannan tashoshi, wuri ne da za a fara tambaya.

Ita ce mafi tsada, kuma labarinta ba ya zuwa sai an ɗaga waya. Amma takardar da ke da hatimi da sa hannu ita ce banki, inshora da kotu suke karɓa. Haɗarinta mutum ne. Sharaɗina ɗaya: wakilin ya zama naka, kai ka nemo shi, kai ke biyansa. In mai sayarwa ne ya ba ka lambarsa, to bakin mai sayarwa kake ji sau biyu. Lambar kamfanin awo ma ka samo ta da kanka ka kira, ka tambaya ko su suka fitar da rahoton.

Sayen eriyar AIS taka kuwa, kada ma a fara. A Zango ko Birni ba abin da za ta kama.

| Hanya | Inda yake | Wane jirgi ne | Kayana na ciki | Kuɗi | Hujja | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Taswirar kyauta | Kusa da gaɓa kawai | Sama-sama | A'a | Forfe | Babu | Tsohon matsayi |
| Ta tauraro | Har tsakiyar teku | Sama-sama | A'a | Duk wata, da kati | Kaɗan | Na'ura a kashe |
| Equasis | A'a | Sosai | A'a | Kyauta | Matsakaici | Bayani kan makara |
| Q88 | A'a | Ƙwarai | A'a | Sai an nema | Matsakaici | Mai jirgi ke cikewa |
| Wakili da awo | A tasha | I | I | Mafi tsada | Mai ƙarfi | Wakilin da ba naka ba |

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Idan ɗanka ko ƙaninka ne ke aiki a jirgi kana son sanin inda suke, taswirar kyauta ta ishe ka, ka dai saba da cewa za ta yi kwanaki shiru ba tare da wani abu ya faru ba.

Idan kayanka kaso ne cikin lodin wani babban ɗan kasuwa da ka daɗe da sani, kuma abin da kake so shi ne ka san yaushe za ka tanadi mota da kuɗin duwan, haɗa taswirar kyauta da kiran taransita sau biyu a mako. Kuɗin tauraro a nan asara ne, domin abin da zai jinkirta ka ba a teku yake ba. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso, sannan daga Yamai zuwa nan akwai kusan kilomita 900. AIS ba ta san komai game da wannan ba.

Idan kai ne ka sayi lodin, ko kana bin jirage da yawa a shekara daga nesa kamar Asiya, kuɗin tauraro na wata ɗaya ko biyu ya halatta, musamman don tarihin tashoshi. Amma kafin ka sa hannu ka buɗe Equasis, ka nemi Q88, ka ɗauki kamfanin awo a tashar lodi da ta saukewa.

Idan kuwa baƙo ne ya zo maka da tayi mai araha da hoton taswira, fara da lissafin lambar IMO, sannan Equasis, ka ga ko girman jirgin da irinsa sun dace da abin da aka ce yana ɗauke da shi. Duka biyun ba za su ci maka ko dala ba, kuma minti goma sun isa. In sun wuce, kada kuɗi su fita sai wakilinka ya ga takardar lodi ta asali. Abin da na gaya wa Alhaji ke nan a ranar. Muka buɗe Equasis a salulata, ya sa tabarau yana bin layukan da yatsa, sannan ya ce in nemo masa lambar taransitar da ƙanensa ke aiki da shi a Lome.